Yadda ake koya wa matasa lissafin jigo da sanda da robar ruwa

Malam, idan ka fara da rubuta ƙa'ida a allo, yara za su haddace ta, ranar jarrabawa kuma su rikice. Ka fara da hannunsu. Ka sa kowane ya tura ƙyauren aji da yatsa ɗaya, da farko daga bakinsa, sannan daga can kusa da bango. Da kansu za su ce maka na biyun ya fi wuya. Wannan shi ne ƙarfin juyi: ƙarfin da ka sa, sau nisansa daga madogara, wato wurin da abin yake juyawa a kai.

Sai kayan aiki. Sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita 2, igiya, zare, abin awo irin na tela, da robobin ruwa na lita ɗaya da na rabin lita. Kada ka ɓata kuɗi a kan ma'aunin kanti. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, nauyinta kusan niyutan 10 (niyutan shi ne ma'aunin ƙarfi). Rula da tsabar kuɗi da wasu ke amfani da su ban yarda da su ba. Sun yi ƙanana, iska kaɗan ta watsar da su, na baya ma ba sa gani.

Ka rataye sandar a reshen darbejiya, babu komai a kanta. A nan ne na ga sababbin malamai suna faɗuwa, daga Gadarif har Mai Wurno a Sudan. Sai su auna tsakiya, su ɗaura igiya, su hau rataye robobi. Ai sanda ba ta zama daidai. Gindinta ya fi kanta kauri. Ka bar yaran su riƙa matsar da igiyar kaɗan-kaɗan har sandar ta kwanta sambal, ko da zai ci minti goma. Sannan a ja layi da biro a daidai wurin igiyar, a rubuta sifili. Daga wannan layin ake awo, dama da hagu, kowane santimita 10 a sa alama. Za ka ga yaro ya kama abin awo ya nufi ƙarshen sanda, domin ta haka ya saba auna yadi. Ka tsayar da shi nan take. Idan ya auna daga ƙarshe, lissafi ba zai fito ba, shi kuma zai ɗauka kansa ne ba ya ja, abin da ya fi damuna ke nan.

Yanzu a rataye robar lita ɗaya a santimita 40 ta hagu. Kafin kowa ya taɓa, ka tambaye su ina ta rabin lita za ta zauna. Kowa ya rubuta hasashensa. Za ta tsaya a 80. Niyutan 10 sau mita 0.4 huɗu ne, niyutan 5 sau mita 0.8 ma huɗu ne. Sai a nan za ka gaya musu cewa Arkimidis, mutumin Sirakusa a tsibirin Sisili, ya bayyana wannan tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Idan 78 ta ba ku maimakon 80, kada ka gyara musu lamba. Robar kanta da zaren suna da ɗan nauyi.

Masu kaifin kai ka ba su wannan: a matsar da igiyar santimita 20 daga layin sifili, a daidaita da roba ɗaya a gajeren ɓangaren, su fitar da nauyin sandar kanta.

Sauran kuwa aikin gida ne. Su nemo madogara a almakashi, a baro, a matsefata, da a jigon ban ruwa idan akwai a bakin kogi. Su kuma tsaya wurin mai karo, wato keken jaki, su tambaye shi me ya sa yake ɗora buhunan dawa a saman tayoyi, ba can baya ba inda za su ɗaga jakin sama.