Yadda Za Ki Rubuta Soyayyar Sojan Da Aka Yi Gwaji A Jikinsa

A bariki aka haife ni, a can na yi wayo. Mahaifina ya ajiye aiki yana saje, igiya uku a hannun riga. Shi ya sa duk labarin da ƙannena marubuta suka turo mini in duba, da na ga soja a ciki nakan gyara zama. Kwanan baya wata ta aiko da nata: an yi wa wani kyaftin allura a ɓoye, ya wayi gari yana fasa bango da naushi, wata likita kuma ta kamu da sonsa. Alƙalaminta na da daɗi, amma ban ji tsoro ko sau ɗaya ba, ban kuma ji tausayin kyaftin ɗin ba. Abin da na gaya mata shi ne zan shimfiɗa miki a nan, 'yar'uwa, in kina da niyyar taɓa irin wannan labari.

Kafin ki rubuta layi ɗaya, ki san abin da ya taɓa faruwa da mutane na gaske. A 1958 wani sajen sojan Amurka mai suna James Stanley ya ba da kansa don a gwada kayan kariya daga iska mai guba. Ashe ƙwayar LSD mai juya hankali ake ɗura masa bai sani ba. Ya koma gida yana gane-gane, mantuwa ta kama shi, wani lokacin ya farka cikin dare ya hau matarsa da 'ya'yansa da duka, da safe bai tuna komai ba. Ya bar soja a 1969, aurensa ya mutu bayan nan. Sai a 1975 wasiƙa ta zo masa daga rundunar, ana neman haɗin kansa don a bibiyi lafiyar waɗanda aka bai wa ƙwayar. A cikin wannan takarda ya gano abin da ya rusa masa gida, bayan shekara 17. Ki tsaya ki yi tunanin matar nan. Shekara da shekaru tana kwana da mutumin da take so, tana ganin ya koma wani daban, ba ta san dalili ba, shi ma bai sani ba. Nan zuciyar labarinki take. Wanda aka yi gwaji a jikinsa barci yake rasawa, hannunsa ya riƙa rawa, ya soma tsoron kansa.

Akwai kuma Ronald Maddison, sojan saman Ingila ɗan shekara 20. An yi masa alkawarin sule 15 da hutun kwana 3, shi kuma yana so ya saya wa budurwarsa zobe. Ranar 6 ga Mayu, 1953, a Porton Down, cibiyar gwajin makamai masu guba ta ƙasarsu, aka ɗiga gubar sarin a ƙyallen da ke hannunsa, bai kai sa'a guda ba ya cika. Sai a 2004 binciken kotu ya tabbatar cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba. Ki lura da ƙanƙantar abin da aka jawo shi da shi. Ki bai wa jaruminki dalili ƙarami irin wannan: yana tara kuɗin lefe, ko yana neman izinin zuwa duba tsohuwarsa.

Daga nan sai muƙami. Yawancinmu muna son manjo ko kanar saboda mota da masu tsaron lafiya, to amma ba a kan manya ake yin gwaji ba. Ki sauko ƙasa: kurtu, las kofur, kofur, in ya yi yawa laftana. A bariki tun a Dafo na Zariya ake cusa wa yaro cewa ya bi umarni tukuna, ƙorafi ya biyo baya. Mutumin da aka horar a haka, in an ce ya miƙo hannu a yi masa allura, miƙowa zai yi. Biyayyar da ta sa ya zama sojan kirki ita ce ƙofar da aka shigo masa ta ciki, kuma ranar da ya gane haka ita ce rana mafi nauyi a littafin. In kin nace sai hafsa, ki sani ta NDA, makarantar horar da hafsoshi da ke Kaduna, mafi yawansu ke fitowa, kuma hawa muƙami na cin shekaru. Kada ki kawo mini janar ɗan shekara 28.

Shi kansa gwajin, ki gina shi da takardu. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg, aka kafa ƙa'idoji 10 na yin gwaji a jikin ɗan Adam, ta farkonsu ita ce dole mutum ya yarda da kansa, bayan an fahimtar da shi. Don haka tambayar da za ta riƙe littafinki daga farko har ƙarshe ita ce: an tambaye shi? Ki nuna takardar da aka ba shi ya sa hannu a tsaye, ba a bar shi ya karanta ba. Ki nuna rajistar da babu sunaye sai lambobi, da jinin da ake ɗiba duk Litinin ba a faɗin sakamako. Mugun labarin kuma kada ya zama mai jajayen idanu da ƙyaƙyata dariya. A Tuskegee ta Amurka an shafe shekara 40, daga 1932 zuwa 1972, ana kallon baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere ba a ba su magani, har bayan da aka samu fenisilin. Masu yin hakan likitoci ne masu fara'a, suna ba da abinci kyauta, suna ɗaukar nauyin jana'iza, suna buga sakamakonsu a mujallun likitoci. Irin wannan mutum nake so ki zana: mai gaisuwa da kyau, wanda ya gamsu cewa alheri yake yi wa ƙasa.

A nan akwai amana a wuyanki, kuma ina so ki ɗauke ta da gaske. Mai karatunki na Kano ba baƙon wannan magana ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wato IDH, yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce ya bi ƙa'ida kuma cutar ce ta kashe yaran, a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, yara da dama kuma suka shanye. Ba na so wata uwa ta rufe littafinki ta hana ɗanta allurar rigakafi. Ki sa likita mai gaskiya a ciki, wanda ke yin bayani, ya nemi izini, ya karɓi "a'a" in an ce masa a'a, domin mai karatu ya ga bambancin da idonsa. Cibiyar da ake aika-aikar da kamfanin da ke biya kuwa ki ƙirƙiro su da kanki, kada ki ɗora wa wani asibiti ko bataliya da ake da su laifin da ba su yi ba.

Jarumar ki ba ta aikin da zai kai hannunta ga gaskiya: ma'aikaciyar jinya, mai gwajin jini, ko mai ajiye fayil. Soyayyar da haɗarin su zama igiya ɗaya. Duk sirrin da ta tono ya ƙara kusanta su, ya kuma ci mata wani abu, aikinta ko yardar mahaifinta. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: ki cire babin zance, in binciken ya ci gaba ba tare da giɓi ba, to labari biyu kike rubutawa, sai ki sake ɗinki.

Al'adarmu ta ba ki kayan aikin da marubutan waje ba su da shi. Idan ya fara firgita cikin dare, gwaggonsa za ta ce sammu ne, a kai shi ruƙiyya. Masu binciken aure za su dawo wa waliyyinta da labarin cewa yaron yana da taɓin hankali. Gwajin jinin da ake yi kafin aure shi ne wurin da za ta fara ganin abin da bai kamata ya kasance a jininsa ba. Sannan ki sa ranar ɗaurin aure ta zama agogon da ke gudu, ko takardar canjin wurin aiki da za ta ɗauke shi cikin mako 2.

Hujjar ƙarshe ki nemo ta a ofishin kuɗi. A 1973 Richard Helms, shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, ya ba da umarnin lalata fayilolin MKUltra, shirin hukumar na gwada ƙwayoyi masu juya hankali a kan mutane a ɓoye, amma a 1977 aka gano shafuka kusan 20,000 da suka tsira, domin an ajiye su cikin takardun kuɗi. Jarumarki ma rasit za ta tsinta.

Ki bar su su yi aure, don mai karatu ya bi ku ne da wannan fata. Sai dai kada ki warkar da shi tas a shafi guda, kada kuma kotu ta share masa hawaye cikin sati. Stanley ya je har Kotun Ƙolin Amurka, a 1987 ta ce soja ba shi da ikon ƙarar gwamnati kan abin da ya same shi a bakin aiki, diyyar ba ta zo ba sai a 1996 bayan majalisa ta sa baki.

In kin gama, ki kai wa mutum biyu su karanta: ma'aikaciyar jinya da tsohon soja. Nawa wani abokin mahaifina nake kai wa, samanja ne mai ritaya. A karon farko ya tsaya a shafi na 4, ya ɗora yatsa a kan layi, ya ce, "'Yata, gyara nan. Soja ba ya sara wa na gaba da shi in babu hula a kansa, ƙamewa kawai yake yi."