Yadda Za Ka Hana Aku Gatsar Kejinsa

Bakin aku ba ya daina girma, dole ya samu abin gatsa.

1. Fara duba ƙarfen kejin. Wayar raga irin ta kejin kaji tana da zinki, tsohon fenti kuma kan ƙunshi dalma. Duka guba ne idan ya haɗiye ɓarɓashinsu. Ka ga tsatsa ko fenti na ɓarewa? Sauya keji.

2. Rataya masa reshen gwaiba da ba a yi wa feshi ba, busasshiyar kaba ko kwali, ya riƙa gatsa. Sauya duk mako.

3. Fito da shi kullum. Kaɗaici kan sa shi gatsar keji.

4. Kada ka tsawata masa.

Amai, zawo ko kasala: sai likitan dabbobi, a ranar.