Yadda za ka nemo wasiƙun lokacin yaƙin basasa a gidanku, ka karanta su, ka adana su

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa da wuya ka zaga gari ba a nuna maka wani gida an ce nan ne gidan soja ba, ko wata tsohuwa a ce ai mijinta yaƙin Ojukwu ya tafi. Yaƙin nan 6 ga Yuli 1967 aka fara shi, aka gama 15 ga Janairu 1970, wata talatin kenan, kuma a cikin wata talatin ɗin sojan Najeriya ya tashi daga wajen mutum dubu goma ya haura dubu ɗari biyu. To ina kake jin aka samo mutanen? Da yawa samarin ƙauye ne, har da mazan jiya da suka yi yaƙin Bama a yaƙin duniya na biyu aka sake kiransu. Ba waya ba komai, takarda ce kaɗai ke haɗa su da gida, kuma har yau akwai ragowar takardun nan a ɗakunan tsofaffi, gara na ci a hankali. In kana son ka ceto na gidanku ga yadda za ka yi.

Kar ka fara da akwati, fara da mutum. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 haihuwar 1949 ne, yau ya doshi tamanin in yana raye, matarsa ko ƙanwarsa ma haka. Takarda in ta samu inuwa za ta iya jiranka shekara goma, Gwaggo kuwa ba wanda ya ba ka tabbacin haka. Kuma ko ka samu wasiƙar rabin labari ka samu, ɗaya rabin yana bakin wadda ta laɓe a bayan zana ranar da ake karanta ta a zaure. Don haka ka je ka gaishe ta tukuna da ɗan goronka da turare ko sukari, ka zauna, kar ka shigo da maganar takarda a zuwan farko kamar ɗan haraji. In kai ɗa ne a gidan, gara ka tura jika, saboda wasan da ke tsakanin jika da kaka na buɗe bakin da kunya ta rufe. Jika mace za ta iya cewa "Kaka, wai da gaske angon naki har takarda yake aiko miki daga bakin daga?" ta yi dariya ta zage ta sannan ta fara ba da labari, kai kuwa in ka yi wannan tambayar sai dai a ce maka Allah ya shirye ka.

In an yarda a duba, wuraren da ake samunsu sanannu ne: ƙasan adaka ko akwatin ƙarfe ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa, cikin kwalla ko fanteka ta can ƙasan jere, cikin gafaka tsakanin warƙoƙin Alƙur'ani, aljihun tsohuwar kakin soja, wani lokacin ma a soke a jikin azara. Bari mai ɗakin ta ciro da hannunta. Kuma ka kula, ba duk takardar da ka gani a naɗe ba ce wasiƙa. Iyaye sun yi ta karɓo wa 'ya'yansu taimako wajen malamai lokacin, to in ka ga abu a ɗinke cikin fata ko an naɗe da zare, laya ce, ka bar ta yadda take kar ka ce sai ka ga me ke ciki. Wadda ke da ayoyi kuma ba a ajiye ta a ƙasa, wannan ba sai an faɗa maka ba.

Kafin ka taɓa, wanke hannu ka bari ya bushe sarai. Tawadar malamai da ruwa ake wanke ta a allo, to haka za ta bi gumin yatsanka a takarda, layi guda zai iya tafiya a shafa ɗaya. Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma ko faranti, ka warware ninkin a hankali, in ka ji tana neman karyewa ka dakata, musamman da hunturu da takarda ke bushewa ƙayau. Abu uku ne nake roƙonka da girman Allah kar ka yi: kar ka manna salatef a inda ta yage, gam ɗinsa na rikiɗewa ya zama ja ya cinye rubutun; kar ka buga mata sitefila; kuma kar ka kai ta shagon kwamfuta a yi mata laminatin. Mutane na ganin laminatin gata ne, alhali zafi ake sa wa takardar a manne ta da roba har abada, in ta fara lalacewa a ciki ba mai iya ciro ta. In akwai tsohon fil ko kilif da ya yi tsatsa, zare shi a hankali.

Sai hoto. Fito da ita inuwa da hantsi, ba cikin rana ba kuma ba da filashi ba, ka riƙe waya daidai saman takardar, ka ɗauki gaba ka ɗauki baya ko da bayan ba komai. Ambulan ma gaba da baya, don sau da yawa ambulan ya fi wasiƙar bayani, a nan za ka ga kan sarki da hatimin gidan waya mai kwanan wata da sunan gari, da lambar sojan da bataliyarsa, da sunan wanda aka bi ta hannunsa. Ƙauye ba akwatin gidan waya, sai a rubuta ta hannun hakimi ko dagaci ko hedimasta ko wani mai kanti a kasuwa, wata ma ba ta taɓa shiga gidan waya ba, wani soja ne da ya samu hutu ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Ringim ko Gagarawa ko Malam Madori ya miƙa ta. Ka tura hotunan a imel ɗinka ko ga mutum biyu a dangi ranar da ka ɗauka, waya faɗuwa take.

Karatun ne inda aiki yake. In da ajami aka rubuta, kar ka kai wa ɗan Islamiyya don kawai yana karanta Larabci, nemi alaramma ko gardin da ya yi karatun allo, saboda rubutun irin na Warshu ne, fa'un ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala da ke ba da wasalin e, wanda bai saba ba sai ya yi ta karanta maka wani abu daban. In boko ne, yawanci hannun 'yan Yaƙi da Jahilci ne, wato ajin koyar da manya karatu, ko wanda ya koya a bariki, ba lanƙwasa ba aya ba waƙafi, kalmomi a manne da juna, sunayen garuruwa kuma yadda kunne ya ji. Karanta da ƙarfi, kunnenka zai gane abin da ido ya kasa. Kana yi kana kwafewa a littafi harafi da harafi yadda yake, kar ka gyara masa Hausa, inda ka kasa ka bar fili.

Yawancinsu za ka ga farkonsu ɗaya ne, takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, bayan haka, sai jerin gaishe-gaishe, sai haza wassalam. Kar ka tsallake gaisuwar nan ka ce ba komai a ciki, ita ce ma dukiyar. Jerin sunayen ƙidayar gidanku ce ta wannan shekarar, da wa ke raye, da wa ke gaba da wa. In suna ya ɓace a wasiƙa ta gaba, tambayi dalili, ko rasuwa ko aure ko saɓani. Kuma ka riƙa tunawa mutum huɗu ne a kan takarda ɗaya: mai faɗa, mai rubuta masa, mai karantawa a gida, da jama'ar da ke saurare. Wanda ya san a gaban mahaifinsa da liman za a karanta ba zai ambaci sunan matarsa ba, balle ɗan fari, sai dai a gaida mutanen gida, ko ya tambayi lafiyar yaron nan. Ba zai ce yana jin tsoro ba, zai ce a taya mu da addu'a. In ya ce a ba mai ɗakina sule goma ta sayi zane, to iyakar soyayyar da takarda za ta iya ɗauka kenan a wancan zamanin, kuma ba kaɗan ba ce.

In ba kwanan wata, akwai dabaru. Kuɗi ne na farko: fam da sule da sisi da taro, to galibi kafin 1 ga Janairu 1973 ne, ranar da naira ta shigo aka mayar da fam ɗaya naira biyu. Kan sarkin ma haka, mai harafin d tsohon kuɗi ne, mai k bayan canji ne. Fam ɗaya sule ashirin ne, sule kwabo sha biyu, sai ka iya lissafa abin da yake aikowa ta fosta oda, wato takardar aika kuɗi ta gidan waya, ka gwada da kuɗin harajin da ake ambata. Adireshi kuma in ka ga Jihar Kano to bayan 27 ga Mayu 1967 ne da Gowon ya yi jihohi 12, kuma kar mutumin Hadeja ko Gumel ko Kazaure ya yi mamakin ganin Kano, Jigawa sai 1991. Azumi ma na taimakawa, a shekarun yaƙin nan, 1387 zuwa 1389 na Hijira, cikin sanyin Nuwamba da Disamba aka yi ta yinsa, babbar sallah kuma tsakanin Fabrairu da Maris. Sai sunan gari: runduna ta ɗaya ta Muhammadu Shuwa ta bi ta Nsukka ta kama Inugu a Oktoba 1967, ta biyu ta Murtala ta bi ta Benin da Asaba ta shiga Anacha a Maris 1968, ta uku ta Adekunle ta bi ta ruwa ta kama Fatakwal a Mayu 1968, Obasanjo ya karɓe ta a 1969. Da garin da ya ambata za ka iya hasashen rundunarsa da lokacin.

Yanzu koma wajen tsohuwar da littafinka, ka nemi izininta ka kunna rikodin a waya, ka karanta mata a hankali kana tsayawa a kowane suna. Tambayi ƙananan abubuwa, su ne ke jawo manya: wa ya noma gonarsa da damina, wa ya biya masa haraji, a gidansu ta zauna ko gidan surukai, wa ya yanka ragon sunan yaron da aka haifa ba ya nan, gidan wa ake taruwa jin Rediyon Kaduna, wata nawa ake yi ba takarda. In shi tsohon sojan ne da kansa, tambaye shi abinci da ruwan sama da takalmi da abokai. Kar ka tambaye shi ko ya kashe mutum. In ya yi shiru ya kau da kai, kashe wayar ka canja zance, gobe ma rana ce.

Takardun bayan yaƙi kar ka raina su, ni a ganina sun fi na lokacin yaƙin nauyi. Ba a sallami sojoji nan take ba, da yawa sun yi shekaru a barikokin kudu, a nan za ka ga maganar a turo min iyalina, ko labarin ya yi aure a can, ko gida na kukan farin 1973 ana neman ya aiko da na hatsi. Za ka iya cin karo da wasiƙar Turanci daga wani Ibo da ya zauna a garinku kafin kashe-kashen 1966 su kore shi, yana tambayar kantinsa ko bashi ko wa ya rage a raye, ka tuna mutanen nan fam ashirin aka ba su bayan yaƙi komai yawan abin da ke asusunsu in an taɓa shi a zamanin Biyafara. Ita ma tarihin gidanku ce, ka nemi malamin makaranta ya fassara. Akwai kuma masu ciwo: takardar sanar da rasuwa da ta sa mace shiga takaba, ko shiru na shekaru har alƙali ya raba aure. Irin waɗannan ba a karanta su a taro.

Shi ya sa kafin ka ɗora komai a Facebook ko gurup ɗin dangi na WhatsApp ka sami babban gida ku yi shawara. Layi ɗaya da ya ce gonar bakin rafi na bar wa wane ya isa ya tayar da rigimar gado da ta kwanta shekara hamsin. Lambar soja kuma ka rufe ta a hoto. In kuna bin wani haƙƙi, ku je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijiyon ko hukumar fanshon soja da ke Abuja da kwafi, kar ku damƙa wa wani ɗan kanzagi asalin takarda don ya ce zai fito muku da kuɗi.

Ajiya kuma mai sauƙi ce. Kowace wasiƙa a shimfiɗe ba ninki, tsakanin farar takarda biyu, ambulan ɗinta kusa da ita, ka rubuta lamba da fensir a jikin farar takardar ba a jikin wasiƙar ba. Duka a fayil na kwali, fayil a akwatin ƙarfe, akwatin a ɗora kan bulo ko benci nesa da bango da inda rufi ke yoyo da hayaƙin murhu. Kar ka ƙulle su a leda da damina, gumi suke yi su yi fumfuna. Ka riƙa buɗewa kana dubawa farkon damina da bayan kaka. In sun yi yawa ko gidan ba mai kula, Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna suna ajiyar tsofaffin takardu, za ka iya zuwa ka nemi shawararsu. Asalin dai ya zauna hannun mai shi muddin tana raye, kai ka riƙe hoto da kwafi, sannan ku yanke tun yanzu a gaban shaidu wanda zai karɓi akwatin bayanta, a rubuta sunansa a cikin murfin.