Sana'ar Sarƙar Hannu Don Tallafa wa Matasa a Sakkwato

Idan kina son haɗa abin hannu da sarƙar wuya ki sayar don tallafa wa matasa masu fama da shaye-shaye, ki sayo duwatsun ado, zaren roba da maɗauri a Babbar Kasuwar Sakkwato. Abin hannu na babbar mace santimita 18 ya isa, sarƙar wuya kuwa 45. Ki ninka zaren biyu, ki ƙulla sau uku, domin ƙulli ɗaya kan kwance cikin kwanaki kaɗan. Maɗaurin ƙarfe mai araha yana baƙi da zufar bazara, gara ki ɗaure da siririyar jar fatar akuya.

Kuɗin tallafin daga riba za ki cire, kamar kashi 10 cikin 100. Idan kika taɓa jari, sana'ar ta durƙushe. Ki zaɓi ƙungiya mai rajista da ke kula da matasa masu fama da shaye-shaye, ki riƙa karɓar rasit. Kuma don Allah kada ki sa hoton yaran a talla.