Kurakuran da masu ɗaukar hoto muke ta maimaitawa a Zariya da yadda za a gyara su

Kusan duk wata sai wani yaro ya same ni a shago nan Sabon Gari ya ce Oga ina so in sayar da kyamarata in sayi babba, hotunana ba sa fita. In na karɓa na duba kuwa sai in tarar lafiyarta ƙalau, Canon 600D ce ko Nikon D3200, tsofaffi ne amma suna aiki, matsalar tana wajen saiti da yadda ake riƙonta. Ni ma duk na bi ta nan shi ya sa abin yake damuna in ga mutum zai zubar da kuɗinsa a banza.

Na farko dai farar shadda. Ranar ɗaurin aure ango da abokansa sun fito fes, ƙarfe ɗaya na rana, ka jera su a ƙofar masallaci ka bar kyamara a oto. Ita kyamara da ta ga fari ya cika ko'ina sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, shaddar ta koma ruwan toka, fuskoki su yi duhu, ga inuwar hula ta rufe ido. Ka ja su inuwa kawai, gindin darbejiya ko bakin zaure, sannan ka fitar da kyamara daga oto zuwa P, ka nemi maɓallin nan mai alamar +/- ka ƙara kamar +1, ka duba allo, in aikin wuyan babbar rigar ya fara ɓacewa cikin fari to ka wuce gona da iri, ka ɗan sauko. Kuma don Allah ka ɗauka a RAW, wato tsarin da kyamara ke ajiye hoto ɗanyensa da cikakken bayaninsa, ya fi cin memori amma shi ne zai bar ka ka ɗago fuskar da ta yi duhu ba tare da hoton ya lalace ba, JPEG ba ya jure wannan sosai.

Sai tsoron ISO, wato saitin da ake ɗagawa don hoto ya yi haske a wuri mai duhu. Ban san wa ya koya wa yaranmu cewa haramun ne a wuce ISO 100 ba. Za ka ga mutum a cikin hol da dare wajen dina, wuta 'yar kaɗan, ya kafe a 100, shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, ta sauka 1/15 na daƙiƙa, amarya tana ɗan juya kai hoton ya zama kamar an shafa shi da hannu. Kai shi 1600 ko 3200 in ta kama, ɗan yashi-yashin da zai fito ana rage shi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom amma hoton da ya girgiza ya tafi ke nan. Da lens 50mm kar ka sauka ƙasa da 1/60 ko da mutum a tsaye yake cak, in ana rawa ko liƙi kuwa 1/200 zuwa sama. Haka ranar Hawan Daushe a Ƙofar Fada, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jahi, ƙasa da 1/1000 ba za ta tsayar maka da ƙafar doki ba, kuma ka mayar da fokas ɗinka mai bin abu, a Canon sunansa AI Servo a Nikon AF-C, in ba haka ba kyamara za ta kama inda dokin yake ɗazu ne alhali ya riga ya iso gabanka.

Wanda ya sayi 50mm sabo kuma komai f/1.8 yake ɗauka, wato ramin lens a buɗe sosai, don baya ya narke. Ga mutum ɗaya ya yi kyau. In 'yan uwan amarya ne layi biyu, na gaba za su fito na baya su dushe, rufe ramin lens ɗin zuwa f/5.6 ko f/8.

Hunturu kuma shi ne maƙiyin kayanmu a garin nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta barin komai, amma sai ka ga mutum a bakin titin Ƙofar Doka ya kwance lens yana sauyawa, kyamara a kunne, bakinta na kallon sama. Bayan sati ya fara ganin ɗige-ɗige a wuri ɗaya cikin kowane hoto. In kana zargi ka ɗauki farin bango a f/16, za su fito ɓaro-ɓaro. Ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, ka shiga mota ko ɗaki kafin ka sauya. Kar ka hura da baki, kar ka goge gilashi da gefen riga, ƙurar nan yashi ce tana karce shi, ɗan abin hura iska na roba da ƙyalle mai laushi na tabarau sun wadatar.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne memori. Wata shekara na ɗauki biki a Tudun Wada tun daga kamu har buɗar kai a kan memori ɗaya tal, mai araha da na saya a gefen hanya an rubuta 64GB a jiki. Daren ƙarshe na sa a laftof ya ce sai an yi fomat. Wallahi ban yi barci ba. Da safe mahaifiyar amarya ta kira ta ce ɗana yaushe za mu ga hotuna, na ce Hajiya a ɗan ƙara mini kwana biyu, muryata na rawa. Abin da ya cece ni shi ne ban sake ɗaukar komai a kansa ba, na bi shi da PhotoRec, manhajar dawo da hotunan da suka ɓace, aka samo mafi yawa, amma na wunin kamu da dama ba su dawo ba har yau, kuma biki ba a sake shi. Tun daga nan kowane wuni da memorinsa, ina dawowa gida kafin in ci abinci sai na kwafe a laftof da kuma faifan ajiya na waje, wuri biyu, sannan in yi fomat a cikin kyamarar kanta ba a kwamfuta ba. In kyamararka mai ramin memori biyu ce ka saita ta rubuta a duka biyun lokaci guda. Batir ma a ce biyu ne a cike tun dare, kar ka dogara da cewa za a kawo wuta da safe.

Wajen editin kuma mu ji tsoron Allah da fuskokin mutane. Amarya baƙa kyakkyawa a mayar da ita fara sol, fata sumul kamar roba, wuya da hannu kala daban, kakarta ta riƙe hoton tana tambaya wace ce wannan. Cire ƙurji, gyara haske, ka bar mata kalarta. In hoton ya yi ja ko kore saboda fitilun hol, farin hoton za ka daidaita ta hanyar danna wani abu fari kamar rigar ango, ba fatar za ka yi ta wankewa ba.

Bayan duk wahalar nan sai a tura ta WhatsApp a matsayin hoto, shi kuma ya matse shi ya rage girmansa, kwastoma ya kai a wanke masa babba na bango ya fito a farfashe ya ce aikinka ne bai yi ba. Tura shi a matsayin dokumen, ko ka sa a Google Drive ka ba su link, kuma ka gaya musu da baki cewa wannan shi ne na wankewa, wancan ƙaramin na sitatus ne.