Yadda za ka fara motsa jiki ba tare da ka watsar a sati na biyu ba

Mutum sai ya shekara biyar bai yi tafiyar da ta sa shi haki ba, rana ɗaya ya duba madubi yaga tumbi ya turo riga, washegari da sassafe ya ɗaure takalmi ya fita da gudu kamar an biyo shi, kwana biyu cinyoyi sun yi tsami ko tsugunawa ba ya iyawa, shikenan an gama, sai kuma baɗi in likita ya tsorata shi. Yawancin masu watsar da motsa jiki a nan suke faɗuwa, sun ɗauko abin da ƙarfin tsiya ne tun ranar farko.

To nawa ake buƙata ma tukunna? Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 in mai ƙarfi ne irin gudu. In ka raba 150 ɗin nan minti 30 ne sau biyar a sati, kuma ba dole a zama ɗaya ba, goma da safe goma da rana goma da yamma duk lissafi ne. Abin kamar ba yawa, amma alƙaluman hukumar na 2022 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, wajen mutum biliyan 1.8 kenan, ba sa kaiwa ko wannan ɗin.

Matsakaici kuma ba sai ka sayi agogo mai tsada zai gaya maka ba. Kana tafiya ka gwada magana: in kana iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ba saboda numfashi, to kana daidai. In kalma biyu uku kake yi ka tsaya jan iska, ka shiga mai ƙarfi, sassauta in sabon farawa ne kai. In kuwa kana tafe kana latsa waya kana dariya hankali kwance, wannan yawo ne malam, ƙara sauri.

Sati biyun farko ka yi tafiya da ɗan sauri minti 10 zuwa 15 kawai, ko da kana jin za ka iya fiye da haka ka tsaya, don huhu da zuciya sun fi saurin sabawa a kan gwiwa da jijiyoyin ƙafa, su sai a hankali. Daga nan ka riƙa ƙara minti biyar duk sati har ka kai 30. Mintuna biyar na farko ka yi su a sannu don jiki ya ɗumama, na ƙarshe ma haka, kar ka tsaya cak. Kuma ka ba abin lokaci tsayayye ka liƙa shi jikin wani abu da dama kullum kana yi, misali da zarar ka gama cin abincin dare, don "zan yi in na samu lokaci" ba ta taɓa fitar da kowa daga ɗaki ba.

Ni dai in za a tambaye ni, tafiyar bayan cin abinci na fi so wa mai farawa, kuma akwai dalili. Idan tsoka tana aiki tana zuƙar sukari daga cikin jini kai tsaye ko da insulin, wato sinadarin jiki da ke rage sukarin jini, bai yi wani aikin kirki ba, sannan bayan an gama ma jiki yana ƙara jin maganar insulin na tsawon awanni. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002 ya bi mutane sama da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka ɗora kan motsa jiki minti 150 a sati da rage ƙiba kaɗan haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin kuwa kashi 31. Kaga kenan ƙafa ta fi ƙwaya aiki a nan, amma fa wannan maganar rigakafi ce, wanda likita ya riga ya ɗora kan magani kar ya ce zai ajiye.

Sai maganar zama. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan bas ɗin Landan masu hawa biyu, direba yana zaune wuni guda shi kuma kwandasta yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi, sai aka ga kwandastoci sun fi direbobi ƙarancin ciwon zuciya nesa ba kusa ba, alhali mota ɗaya suke ciki. Kwandastan nan ba gidan motsa jiki yake zuwa ba, aikinsa ne kawai ba na zama ba. Saboda haka in aikinka na kujera ne, ka riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko awa ɗaya, ka amsa waya a tsaye, ka hau bene da ƙafa, in wurin da za ka je kusa ne ka bar abin hawa.

Taku 10,000 a rana da waya ke ta damun mutane da shi kuma, asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965, ba likitoci suka yanke ba. Binciken baya-bayan nan ya nuna amfanin yana farawa tun ƙasa da haka sosai, ga wanda ya haura 60 ma 6,000 zuwa 8,000 ya wadatar. Wanda yake 2,000 ya koma 5,000 shi ne ya fi kowa cin riba.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne ƙarfafa tsoka, ana ganin na samari masu son ƙirji ne. Daga shekara 30 tsoka tana fara zaizayewa a hankali in ba a sa ta aiki, shi ya sa za ka ga dattijo sai ya dafa gwiwa ya yi nishi kafin ya tashi daga kujera. Kwana biyu a sati ya isa kuma ba sai da ƙarfe ba. Samu kujera mai ƙwari, tsaya a gabanta ƙafa a ɗan buɗe, ka tura ɗuwawu baya kamar za ka zauna, da ka taɓa ta ka miƙe ba tare da dafa komai ba, sau 8 zuwa 12, ka huta minti ɗaya ka sake, zagaye biyu ko uku. Sannan ka dafa bango da tafin hannu biyu daidai kafaɗa, ka ja ƙafa baya kaɗan, ka kai ƙirji kusa da bangon ka tura kanka baya, in ya zama wasa ka koma dafa tebur, daga baya ƙasa. Kar ka riƙe numfashi wajen yunƙuri, ka fitar da iska lokacin da kake turawa, musamman mai hawan jini. Mata ma ku yi, ba za ki koma ƙatuwa ba, ƙashinki ne zai ƙara ƙwari, kuma bayan ɗaukewar al'ada za ki gane amfaninsa. Wanda ya kai 65 ya haɗa da tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, kwana uku a sati, saboda faɗuwa.

Kar ka sa ido kan sikeli da yawa, zai ɓata maka rai. Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da ƙiba da sauri in ba a taɓa cin abinci ba, kuma babu atisayen da ke narkar da kitsen ciki shi kaɗai komai yawan lanƙwasawar da ka yi. Masu ɗaura leda a ciki ko sa kaya masu kauri don su yi zufa, ruwa ne kawai ke fita, ka sha kofi biyu ya dawo. Abin da za ka fara gani shi ne bacci ya gyaru, rai ya daina yawan ɓaci, benen da ke sa ka haki ya zama ba komai, mai hawan jini kuma awonsa na sama yakan sauka da kamar maki 5 zuwa 8 in ya dage.

Tsamin jiki kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye ba matsala ba ne, tafiya a hankali ma tana sassauta shi. Amma ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko gwiwa ta kumbura, wannan a huta. In kuwa ka ji ƙirji ya ɗaure ko ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da aikin da kake yi, tsaya nan take a nemi asibiti. Mai ciwon zuciya, mai juna biyu da wanda jininsa ya hau sosai su ga likita kafin su fara, mai allurar insulin kuma ya auna sugansa kafin ya fita kuma ya riƙe wani abu mai zaƙi a aljihu ko da sugan zai sauka a hanya.