Yadda na daidaita pH a tankin murjanina

Da asuba pH (awon tsamin ruwa; in lambar ta sauka, tsami ya ƙaru) na tankin ruwan gishirin da nake kiwon murjani mai rai a ciki kan sauka zuwa 7.7, da yamma ya hau 8.1, murjanin kuma girmansa ya ja baya. Alkalinitin, wato ƙarfin ruwan na jure tsami, yana 8 a awon dKH, lafiya lau, don haka ban ƙara hodar ɗaga pH ba. Ita za ta kumbura alkalinitin ne kawai.

Na fara daidaita na'urar auna pH da ruwan gwaji mai pH 7 da mai pH 10. Sannan na ɗebi ruwan tankin a kofi, na hura masa iska a waje na tsawon awa guda. Sai pH ya tashi. Ashe iskar kabon dayoksaid ta cikin ɗaki ce matsalar: numfashinmu ke taruwa idan tagogi na rufe, ruwan ya shanye shi ya koma tsami. Da dare abin ya fi muni, domin in fitilar tankin ta mutu, gansakuka ta daina zuƙe iskar.

Sai na ja tiyon iskar na'urar kumfa (mai cire datti daga ruwan) zuwa waje, nake kuma ɗiga ruwan kalsiyam haidroksaid, sinadarin da ke ɗaga pH, kaɗan-kaɗan da dare. A nan sai da haƙuri, zuba shi lokaci guda na cutar da murjani. Yanzu pH bai wuce tsakanin 8.0 da 8.2.